Shanyewar ɓarin jiki: in harshe ya kumbura bayan allurar narkar da gudan jini

A cikin mutum 100 da aka yi wa allurar narkar da gudan jini bayan shanyewar ɓarin jiki, tsakanin 1 zuwa 5 harshensu ko leɓensu kan kumbura. Galibi kumburin na sacewa cikin yini guda ba tare da ya bar wata illa ba. Amma wani lokaci yakan gangara maƙogwaro, ya toshe hanyar numfashi cikin ƙasa da rabin awa. Wanda ya fi shiga wannan haɗari shi ne mai shan irin maganin tansiyon nan da sunansa ke ƙarewa da "pril", kamar captopril da énalapril.

Kwamin ɗin Ajekoriya, a gundumar Dakoro cikin jahar Maraɗi, na da mutane kusan dubu 80 a ƙidayar 2012. Idan bakin wani dattijo ya karkace a can, hannunsa ya saki, maganarsa ta sarƙe, hanyarsa sananniya ce: CSI, sannan asibitin gunduma a Dakoro, daga nan kuma a gangara Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Dakoro. Allurar narkar da gudan jini ba ta CSI ba ce, ba kuma ta kowane asibiti ba ce. Ba a yin ta sai inda akwai sikanar, da likitan da zai karanta hoton nan take, da sashen da zai iya saka wa mutum tiyon numfashi in abu ya rikice. Saboda haka mai karatu na iya cewa, to mene ne ruwan mutumin Ajekoriya da illar maganin da ake bayarwa a nesa?

Ruwansa babba ne. Abubuwa biyu da likitan birni ya fi buƙata kafin ya buɗe kwalbar, daga gida suke tasowa: sa'ar da aka ga mutumin lafiya lau a karo na ƙarshe, da sunan ƙwayoyin da yake sha. Sikanar ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu. Shi kuma mara lafiyan, sau da yawa, bakinsa ya riga ya mutu.

Cuta biyu masu kama ɗaya

Abin da likitoci ke rubutawa AVC a karne iri biyu ne. A na farko, gudan jini ne ke toshe wata jijiya da ke shayar da ƙwaƙwalwa, sai yankin da take ciyarwa ya fara mutuwa. A na biyu, jijiyar ce ke fashewa, jini ya malale cikin kai. A ido ba a bambanta su: baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, magana ta ɓace. Babban binciken SIREN da aka gudanar a Gana da Najeriya, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, aka kuma wallafa a 2018 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, ya duba marasa lafiya fiye da 2,000. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku jini ne ke zuba a kansa, kuma yi wa irin wannan allurar narkar da jini daidai yake da zuba fetur a wuta. Shi ya sa hoton sikanar ya zama sharaɗi. Binciken ya kuma tabbatar da abin da kowane majo ya sani tun da daɗewa: hawan jini shi ne uban tafiya a wannan cuta a Afirka ta Yamma.

Ga masu toshewa ne aka yi allurar. Sunanta altéplase, ana sayar da ita da sunan Actilyse. Kwaikwayon wani sinadari ce da jikin ɗan Adam ke yi da kansa don share gudan jini, wanda Désiré Collen da abokan aikinsa a jami'ar Luven ta Beljiyam suka tace a farkon shekarun 1980. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 1995 ya nuna amfaninta cikin awa 3 na farko, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 1996, sannan gwajin Turai na 2008 ya ƙara wa'adin zuwa awa 4 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin magungunan da suka zama dole a 2019.

Ana auna ta da nauyin mutum: miligram 0.9 a kowane kilo, kada a wuce miligram 90. Kashi ɗaya cikin goma ake turawa a jijiya cikin minti guda, sauran a bar shi ya ɗiga tsawon awa ɗaya. Akwai ƙanwarta, ténectéplase, da ake yi sau ɗaya tak cikin ƴan daƙiƙu, kuma asibitoci da dama a duniya sun koma gare ta. Wannan bambanci zai dawo nan gaba, domin ruwan da ke ɗiga ana iya tsayar da shi, amma allurar da ta riga ta shige ba a janyo ta.

Amfanin a bayyane yake. Da aka haɗa sakamakon manyan gwaje-gwajen a 2014, an ga cewa a cikin mutum 100 da aka yi wa allurar kafin cikar awa 3, kusan 10 ne ƙari suke warkewa ba tare da naƙasa mai nauyi ba, in an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Tsakanin awa 3 da 4 da rabi, ƙarin ya ragu zuwa kusan 5. Illarta da aka fi tsoro ita ce zubar jini a ƙwaƙwalwa, wadda ta sami kusan kashi 6 cikin 100 a gwajin 1995. Kumburin baki na biye da ita, ba a cika maganarsa ba, kuma ya fi ta saurin kamawa in an sa ido.

Daga dafin maciji zuwa ƙwayar tansiyo

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci na kiran wannan kumburi anjiyo-edem, ko kumburin Quincke, da sunan likitan Jamus ɗin da ya siffanta shi a 1882. Ba ƙurji ba ne, ba ruwan ciwon ƙoda ba ne. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke sakin bakinsu, ruwan jini ya tsiyaye cikin naman da ke ƙarƙashin fata, sai leɓe ko harshe ya cika ya yi tauri.

Mai buɗe waɗannan jijiyoyi wani sinadari ne da ake kira bradikinin, kuma tarihinsa na da ban sha'awa. A ƙarshen shekarun 1940 ne Maurício Rocha e Silva ya gano shi a Brazil, yana gwaji da dafin wani maciji na can mai suna jararaca, ɗan uwan kububuwa. A 1965 ɗalibinsa Sérgio Ferreira ya gano cewa a cikin dafin akwai abin da ke hana jiki rushe bradikinin, shi ya sa jinin wanda macijin ya sara ke faɗuwa warwas. Daga wannan ne masana a kamfanin Squibb na Amurka suka haɗa captopril, wanda ya shiga kasuwa a 1981. Duk ƴan uwansa da suka biyo baya, énalapril, lisinopril, périndopril, ramipril, hanya ɗaya suke bi: suna danne wani sinadari a jiki da ke da aiki biyu, ɗaga hawan jini da share bradikinin. In an danne shi, tansiyo na sauka, amma bradikinin na taruwa. Busasshen tarin nan da wasu masu shan "pril" ke fama da shi dare da rana, har su yi ta shan maganin mura a banza, daga nan yake.

Yanzu a haɗa da allurar. Don ta narkar da gudan jini, tana tayar da wani sinadari mai suna plasmin, shi kuma plasmin, ban da cin gudan, yana sa jiki ya zubo bradikinin mai yawa lokaci guda. Ga mutumin da bai sha "pril" ba, jiki na share shi cikin ƴan daƙiƙu. Ga wanda ya sha, an buɗe famfo ne alhali magudanar a toshe take.

Alƙaluma sun nuna haka. A Kalgari ta Kanada, Michael Hill da abokansa sun wallafa a 2003 cewa cikin mutum 176 da aka yi wa allurar, 9 sun kumbura, wato kashi 5 cikin 100, kuma haɗarin masu shan "pril" ya ninka na sauran fiye da sau goma. A asibitin jami'a na Lil, a arewacin Faransa, wani nazari na 2016 ya ƙirga mutum 20 cikin 923, kashi 2 da ɗan ɗoriya. Akwai kuma abin da ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye: nazarce-nazarce da dama, galibi a Amurka, sun nuna cewa baƙar fata sun fi farare saurin kumburi da "pril" ninki uku ko fiye, ko da ba a yi musu wata allura ba.

Wani abin mamaki shi ne sau da yawa rabin harshe ne kawai ke kumbura, tamkar an ja layi a tsakiya. Kuma galibi ɓangaren da ya shanye ne. Idan toshewar ta taɓa wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira insula, wanda ke da hannu wajen sarrafa buɗewa da tsukewar jijiyoyin jini, haɗarin ya fi yawa. Mai jinya da ya ga rabin leɓe ya yi sama zai iya ɗauka karkacewar bakin ce ta ƙaru. A nan ake yin sake.

Awa biyu na sa ido

Kumburin kan bayyana ne yayin da ruwan ke ɗiga, ko cikin awa biyu bayan ya ƙare. Ƙa'ida ita ce a duba tansiyo da yanayin mara lafiya kowane minti 15 a awa biyun farko, kowane minti 30 na awa shida, sannan kowace awa har yini ya cika. A sassan da suka ƙware, kowace dubawa na haɗawa da abu mai sauƙi: a ce ya buɗe baki, a haska da tocila. Ba na'ura ake buƙata ba, ido ne.

Wahalar ita ce alamun farko sun yi kama da cutar kanta. Mai shanyewar ɓarin jiki dama maganarsa a dagule take, dama yawu na dalala, dama haɗiya na yi masa wuya. Abin lura shi ne sauyi: muryar da ta ƙara dusashewa ko ta koma kamar mai magana da tuwo a baki, harshen da ya fara fitowa tsakanin haƙora, mutumin da ke ta kai hannu wuya, wanda ya ƙi kwanciya yana neman tashi zaune. Numfashi mai ƙara kamar fito yayin shaƙar iska alama ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. Na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa na iya ci gaba da nuna lamba mai kyau har sai hanyar ta kusa rufewa, don haka ba a dogara da ita kaɗai.

Abu biyu likita ke ƙoƙarin warewa da sauri. Na ɗaya, ko jini ne ya taru a harshe saboda mutum ya cije shi lokacin faɗuwa. Irin wannan harshe yakan yi baƙi-baƙi, kuma maganinsa tsayar da zubar jini ne. Na biyu, ko borin jini ne na gaske, wato jiki ya ƙi maganin baki ɗaya: a nan akan ga fata ta yi rudu-rudu, ƙaiƙayi, shessheƙar ƙirji, tansiyo na faɗuwa. Kumburin bradikinin ba ya ƙaiƙayi, fata kuma sumul take. Bambancin na da muhimmanci, domin borin jini na jin adirenalin nan da nan, shi kuwa kumburin bradikinin ba ya cika jin ta.

Abin da ake yi, da abin da ke gaba da wani

Matakan da asibitoci da yawa ke bi su ne waɗanda ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka ta tsara a jagorarta ta 2018, ta sabunta a 2019. Na farko, a tsayar da ruwan allurar. Altéplase ba ta daɗewa a jini, rabinta na ɓacewa cikin kamar minti 5, don haka rufe tiyon na da tasiri na gaske. Da ténectéplase wannan dama babu ita. A kuma dakatar da duk wani "pril". A ɗaga kan gado, a sa oksijen, a kira likitan sa barci ko na kunne da hanci da maƙogwaro tun kumburin na ƙarami.

Sannan magunguna ta jijiya: méthylprednisolone miligram 125, da maganin borin jini, diphénhydramine miligram 50 ko makamancinsa da ke hannu, da famotidine miligram 20. Jagorar ta ambaci ranitidine ma, amma an janye ta daga kasuwannin ƙasashe da dama a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki. Gaskiyar magana, waɗannan magunguna uku an yi su ne don borin jini, ba don bradikinin ba. Ana ba da su saboda suna da araha, illarsu kaɗan ce, kuma a minti na farko ba wanda ke da tabbacin wane iri ne ke gabansa. Kuskuren da ake gudu shi ne a yi su a juya baya, a ɗauka an gama.

Idan kumburin ya ci gaba, sai adirenalin, ko dai ƙaramar allura ta mililita 0.3 a ƙarƙashin fata, ko mililita 0.5 a shaƙa ta na'urar tururi. A nan likita na tafiya ne a kan siraɗi. Kafin a yi allurar narkar da jini sai da aka sauko da tansiyo ƙasa da 185 bisa 110, wato 18 da rabi bisa 11 a lissafin da aka saba ji a likita, kuma ana son ta zauna ƙasa da 180 bisa 105 har yini guda. Adirenalin na ɗaga tansiyo, tansiyo mai yawa kuma a jinin da aka tsinka na iya fasa jijiya a kai. Duk da haka, in borin jini ne na gaske kuma tansiyo na faɗuwa, ba a jinkirta ta. Mutumin da ba ya numfashi ba ƙwaƙwalwar da za a cece masa.

Akwai magungunan da ke fuskantar bradikinin gaba da gaba. Icatibant, mai sunan kasuwa Firazyr, allura ce ta miligram 30 a fatar ciki, ana iya maimaitawa bayan awa 6, kada a wuce uku a yini. Akwai kuma wani sinadari da ake tacewa daga jinin ɗan Adam, mai suna C1, da ake bayarwa ta jijiya gwargwadon nauyin mutum. Dukansu an yi su ne don masu kumburin gado, suna da tsadar gaske, kuma ba kasafai ake ajiye su ba ko a manyan asibitocin Afirka. Hujjar amfaninsu ma ba ta tsaya da ƙafa biyu ba: wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2015 ya nuna icatibant na gaggauta sacewar kumburin "pril", amma wani da ya fi shi girma a 2017 bai ga bambanci ba. Game da kumburin bayan allurar narkar da jini kuwa, abin da ke akwai rahotannin marasa lafiya ɗaiɗaiku ne. Inda babu su, wasu likitoci na ƙara wa mutum ruwan jini daskararre daga bankin jini, domin yana ɗauke da sinadarin da ke rushe bradikinin. Iyalin da aka ce wa babu icatibant kada su ɗauka an rasa abin da ke ceton rai. Abin da ke ceton rai shi ne hanyar iska.

Tiyo a maƙogwaro

Wurin da kumburin ya tsaya shi ke yanke hukunci. In leɓe ne da gaban harshe, yawanci sa ido da magani sun isa. In ya kai ganɗa, ko belu, ko ƙarƙashin harshe, ko maƙogwaro, musamman in yana ƙaruwa cikin minti 30, to lokacin saka tiyon numfashi ya yi, kuma gara a yi shi da wuri. Kowane minti da aka ƙara, ƙofar na tsukewa.

Aikin ba sauƙi gare shi ba, domin kowace hanya da tata matsalar. Ta baki, harshe ya cika wurin, ba a ganin ƙofar maƙoshi. In aka sa mutum barci mai nauyi kafin a gan ta, naman wuya na sakewa, ƴar hanyar da ta rage ta rufe. Shi ya sa aka fi son a yi shi mutum na farke, da siririn tiyo mai fitila da madubi a kai. Ta hanci ana iya bi, amma jinin da allura ta tsinka na iya ɓarkewa da haɓo, ya malale cikin maƙogwaro, ya rufe wa likita ido. Hanya ta ƙarshe ita ce a tsaga gaban wuya a shigar da tiyo kai tsaye. Da wuya ake kai ga haka, kuma bayan wannan allura yanka kowane iri na zubar da jini fiye da kima. Wanda aka saka wa tiyo yakan yi kwana ɗaya ko biyu a sashen farfaɗowa, kumburin ya sace, a cire.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a ce a rarraba allurar a kowane asibitin gunduma ba, ko da kuɗinta ya samu. Kwalbar kaɗai ba ita ce maganin ba. Mutanen da ke tsaye a bakin gadon na cikin maganin.

Abin da ke hannun iyali

Shan "pril" ba ya hana a yi wa mutum allurar. Ya kamata a ji wannan da kyau, domin amfanin buɗe jijiyar ya fi haɗarin kumburin nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan masu shan "pril" da aka yi wa ita ba abin da ya same su. Abin da sanin sunan ke sauyawa shi ne shiri: a jawo kayan saka tiyo kusa da gado, a sanar da likitan sa barci tun kafin a fara, a riƙa leƙa baki a kai a kai.

Saboda haka, in za a ɗauki mara lafiya, a kwashe duk magungunansa a leda: kwali, da ƙwayoyin da suka rage, da ordonans, da karne. "Ƴar farar ƙwaya ta tansiyo" ba amsa ba ce, domin fararen ƙwayoyin tansiyo sun fi a ƙirga. Waɗanda aka saya a tebur ko wajen mai yawo da magani a kasuwa su ma a kawo su, ba kunya a ciki. In an manta, a kira gida a ɗauki hoton kwalin a turo ta WhatsApp tun ana kan hanya. Wasu magungunan ciwon suga da sunansu ke ƙarewa da "gliptine", da maganin zuciya Entresto, su ma suna ƙara haɗarin. Haka kuma a faɗa in mutum ya taɓa kumburin leɓe ko fuska, ko in akwai irin haka a dangi.

Akwai wata ɗabi'a da ta kamata a ambata. A wurare da dama, in aka auna tansiyo aka ga ta yi sama sosai, akan saka wa mutum ƙwayar captopril a ƙarƙashin harshe don ta sauko. Ga wanda bakinsa ya riga ya karkace, faɗar da tansiyo da sauri kafin hoto na iya rage jinin da ke kaiwa yankin da ke neman mutuwa. In an riga an yi, to a rubuta a takardar turawa, da sa'ar da aka yi, domin mutumin da bai taɓa shan "pril" ba a rayuwarsa zai isa birni da shi a jini.

Sa'a kuma a riƙe ta da abin da kowa ya sani: bayan sallar azahar, lokacin da aka kira la'asar, da aka tashi daga kasuwa. Wanda ya farka da cutar da asuba, ana lissafi ne daga lokacin da ya kwanta lafiya. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko fura, ko rubutu, ko aspirin, domin haɗiyarsa na iya mutuwa, abin ya bi ta huhu. Addu'a da tofi ba sa buƙatar haɗiya, kuma ana yin su cikin mota. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 kowane minti. Daren da aka kwana ana jiran a ga ko zai ware, ya cinye awa 4 da rabin nan sau biyu.

A ɗakin jinya ma ɗan rakiya na da aiki. Shi ya san fuskar mahaifinsa fiye da kowane ma'aikaci. In ya ga leɓe ya ƙaru, ko murya ta sauya, ya kira nan take, kada ya jira zagayen likita.

Irin wannan kumburi, ba tare da wata allura ba, yana iya faruwa a Ajekoriya ko a kowane ƙauye na Dakoro da Kornaka. "Pril" kaɗai na kumbura ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 na masu shansa, kuma ba lallai a makon farko ba: wani sai ya shekara biyu ko uku yana sha lafiya, ya wayi gari leɓe ya yi tulu. Akan ɗora laifin a kan cizon ƙwaro, ko kifi, ko ciwon haƙori, a ci gaba da shan ƙwayar, kumburin ya dawo ya fi na da. Wanda hakan ta same shi ya dakatar da ƙwayar, ya nufi CSI a ranar da kwalin a hannu. In harshe ne ko murya ta sauya, a tafi da shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine a bayan mota, a kuma kira asibitin da za a je tun kafin a isa.

Wanda ya taɓa kumbura, da allura ko ba da ita ba, ba ya sake shan kowane irin "pril" har abada, kuma a rubuta wannan da manyan baƙaƙe a shafin farko na karnensa. Amma barin "pril" ba barin maganin tansiyo ba ne, musamman ga wanda ya riga ya taɓa faɗuwa. Musanya na nan, kuma ba ta fi tsada ba. Gwajin CREOLE da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka, aka wallafa a 2019, ya bi mutum fiye da 700 tsawon wata shida. Haɗin amlodipine da hydrochlorothiazide, wanda babu "pril" a ciki ko kaɗan, ya sauko da tansiyo fiye da haɗin périndopril da hydrochlorothiazide. Masu ciwon suga ko na ƙoda ko raunin zuciya, waɗanda don su aka fi rubuta "pril", likita na iya duba dangin "sartan" kamar losartan, waɗanda kumburinsu ya fi ƙaranci, ya fara da ƙaramin awo, ya kuma sa ranar dawowa a duba.